Aladun daji a Amurka: gwamnati ta kawar da su ko a bar wa mafarauta?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata magana da nake so mu tattauna, musamman da yake a cikinmu akwai manoma da masana dabbobi da jikokin maharba. Shekarata shida ke nan a jihar Texas, kuma a makon jiya na raka wani abokin aikina gonar surukinsa da ke gabas da birnin Houston. Kwana huɗu ke nan da dattijon ya shuka masara. Da muka isa da sassafe, sai muka tarar aladun daji sun shiga cikin dare, sun bi shukar layi bayan layi suna tone irin da hancinsu, tun daga wannan kan gona har wancan, kamar an sake bin wurin da garma. A makiyayar da ke gefe kuwa sun haƙa ramuka, wasu har gwiwata. Dattijon ya cire hularsa ya tsaya yana kallo, ya daɗe bai ce uffan ba.

Ma'aikatar Noma ta Amurka tana ƙiyasta cewa aladun daji sun haura miliyan 6 a jihohi kimanin 35, kuma ɓarnar da suke yi, wadda a da ake sawa a dala biliyan 1.5 a shekara, yanzu ana maganar biliyan 2.5. Texas kaɗai ana yi mata ƙiyasin miliyan 2.6. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, babu inda aka sakar wa mafarauta mara kamar nan: babu lokacin buɗe farauta ko rufe ta, babu iyakar adadin da mutum zai kashe, dare da rana duk ɗaya ne. Tun 2011 doka ta yarda mutum ya biya kuɗi ya hau jirgi mai saukar ungulu ya harbe su daga sama, kuma tun 2019 ba a buƙatar lasisin farauta a filin wani muddin mai filin ya amince. Duk da haka aladun ba su ragu ba. Ita kuwa jihar Missouri ta bi wata hanya dabam, ta hana farautarsu a filayen hukuma, ta ce duk wanda ya gan su ya kai rahoto kada ya harba, ma'aikatanta za su zo su kama. Wace ce a cikin hanyoyin nan biyu ta fi dacewa?

Ɗan Maharba:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Allah Ya mayar wa dattijon nan da alheri. Ni dai ra'ayina a bar wa mafarauta, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda kakansa ya riƙe sarautar Sarkin Baka. A zamaninsa, idan gadu ko birai suka addabi gonakin bakin daji, manoma ba sa zuwa ofishin kowa, gidansa suke zuwa, kuma kafin kwana uku an samu sauƙi. Mafarauci ya san sawu, ya san makwanci, ya san mashaya, kuma da kuɗinsa yake sayen harsashi da man mota. A ce gwamnati ta kori mutumin da yake yi mata aiki kyauta, sannan ta ɗauki kuɗin haraji ta biya wani ya yi aikin, wannan bai shiga hankalina ba.

Ban da wannan, kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, ma'aikacin gwamnati ba ya tsallaka shingen kowa sai da izini. Mu ma a gida mun san yadda jiran hukuma yake. Duk manomin shinkafa a Kebbi ko Jigawa da ya taɓa zaman jiran jirgin feshi alhali tsuntsayen jan baki suna sauka a gonarsa, ba sai an yi masa bayani ba. Manomin da aka tone wa shuka yau, yau yake buƙatar taimako.

Maman Ilham:
Malam Ɗan Maharba, ina girmama gadon gidanku, amma a matsayina na likitar dabbobi dole in ce lissafin haihuwar alade shi ne ya karya wannan hujja. Macen alade tana ɗaukar ciki kwana 114 ne kacal, abin da masu kiwo suke cewa wata uku da mako uku da kwana uku. Tana iya fara haihuwa tun ba ta cika shekara ba, tana zuba 'ya'ya biyar ko shida a lokaci guda, kuma idan abinci ya wadata tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Saboda haka masana a Texas suka lissafa cewa sai an kawar da kusan kashi biyu cikin uku na aladun a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya cik, ba ma a zo maganar raguwa ba. A ƙiyasin da aka yi wa shekarar 2010, duk abin da aka kashe ko aka kama a jihar bai wuce kashi 29 cikin 100 ba.

Gadun da kakanka yake harba ɗan asalin dajinmu ne, yana da kura da zaki da damisa masu rage shi. Alade kuwa baƙo ne a nahiyar Amurka. Sifaniyawa ne suka shigo da shi, irin su Hernando de Soto da ya sauka Florida a 1539, daga baya kuma masu sha'awar farauta suka kawo na dajin Turai, kamar waɗanda aka saka a Hooper Bald da ke North Carolina a 1912, suka ɓalle suka gauraya da na gida da suka zama na daji.

Akwai kuma halayyar dabbar, wadda ita ce ta fi damuna. Mata da 'ya'yansu suna yawo ne garke guda. Idan mafarauci ya harbi ɗaya ko biyu, sauran sukan watse, su koma fita cikin dare kawai, su sauya makwanci, kuma daga ranar sun koyi gudun mutum da tarkonsa. Mafi yawan masu farautar nishaɗi kuma babban namiji mai haure suke nema don su ɗauki hoto, alhali mata ne suke cika dajin. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ɗalibin Gandun Daji:
Ina neman izinin manyana in ƙara da abin da ya faru a Tennessee, domin a karatunmu shi ne misalin da ake fara kawowa. Shekaru da dama aladun daji suna cikin gundumomi kimanin 15 ne kawai a jihar. A 1999 hukumar namun daji ta buɗe farautarsu a duk faɗin jihar, duk shekara, ba iyaka, da niyyar mafarauta su hana su yaɗuwa. Cikin shekaru goma da 'yan kai sai aka wayi gari suna cikin gundumomi kusan 80 daga cikin 95 da jihar take da su. Alade ba ya tafiyar ɗaruruwan kilomita da ƙafarsa ya tsallake gundumomin da ke tsakani. Mutane ne suke kama su da rai, su zuba a tirela, su kai dajin da ke kusa da gidajensu su saki, don su samu abin farauta a kusa. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a Florida da California ya tabbatar da irin wannan jigila da hannun mutum. A 2011 Tennessee ta janye, ta cire alade daga jerin namun farauta, ta sa shi cikin dabbobi masu ɓarna.

Haka kuma a sansanin soja na Fort Benning da ke Georgia an taɓa sa ladan da ya kai dala 40 a kan kowace wutsiyar alade, farawa daga 2007. Da masu bincike suka ƙirga daga baya, sai suka ga aladun ƙaruwa suka yi, kuma daga cikin dalilan da suka kawo akwai abincin da mafarauta suke zubawa don jawo su, wanda ya ƙara musu ƙiba da haihuwa. Jihohin da suka hana farautar nishaɗi tun aladun ba su yi yawa ba, irin su Kansas da Nebraska, su ne yau suke da sauƙin matsalar.

Ɗan Maharba:
Ƙanena, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ban musa tarihin Tennessee ba. Amma wanda ya ɗauki alade a tirela ya kai wani daji ya saki mai laifi ne, sai a kama shi a hukunta shi, a ƙwace motar. Laifin wani ba ya shafar wani. Dubban mutanen kirki da suke fita da dare su taimaki maƙwabtansu manoma, me suka yi da za a ɗaure musu hannu? Kuma ina so a ba ni amsa a kan manomin Missouri: yana tsaye a gonarsa, garke yana cin amfaninsa, shi ke nan sai ya ɗauki waya ya jira?

Ɗalibin Gandun Daji:
Yaya, a nan akwai gyara kaɗan. Hanin Missouri ya shafi filayen hukuma ne: Hukumar Kiyaye Namun Daji ta jihar ta hana a filayenta a 2016, sannan aka hana farautarsu a Gandun Dajin Ƙasa na Mark Twain a ƙarshen 2019. Mai gona yana da ikon harbi a filinsa, sai dai ana roƙonsa ya kira ma'aikata su zo su kafa tarko ba tare da ya biya ko sisi ba. A 2020 sun kawar da sama da aladu 12,000, zuwa 2022 adadin ya sauko kusan 6,000, kuma hukumar ta danganta hakan da raguwar aladun a wuraren da ake aikin.

Game da kama masu jigila kuwa, da wuya a ga mutum yana buɗe tirela a tsakiyar daji da ƙarfe biyun dare. Abin da jihohin nan suka gane shi ne, idan babu damar farauta a wurin, babu dalilin da zai sa wani ya wahalar da kansa ya kai alade can.

Baba Na Fadama:
'Ya'yana, ina biye da ku tun farko. Ni shekarata arba'in da ɗoriya ina noma, ban taɓa zuwa Amurka ba, amma na san abu ɗaya: wanda abincinsa ya rataya a kan wata matsala ba zai so matsalar ta ƙare ba, ko da mutumin kirki ne. Ba a ba kura ajiyar nama. Wannan bai rage darajar kakan Ɗan Maharba ba, domin shi ma manomi ne a garin, gadun da ya ci gonar maƙwabcinsa gobe tasa zai ci. Amma wanda ya taso daga birni ya biya kuɗi don ya yi harbi ya koma, shi da mai karɓar kuɗinsa duk bukatarsu baɗi ma a samu alade.

Tambayata ga Likita ita ce, tun da abin ya kai miliyoyi, me ya hana a yi amfani da guba kamar yadda ake yi wa ɓera? Ba ina ba da shawarar haka ba ne, don na ga yadda maganin ɓera ya kashe mini kaji da karen gida a shekarun baya, amma ina so in san inda suka kwana.

Maman Ilham:
Baba, Allah Ya ƙara girma. An gwada, kuma muhawarar ta yi zafi. A 2017 Kwamishinan Noma na Texas, Sid Miller, ya amince da wani abincin guba mai suna Kaput, wanda aka haɗa da warfarin, sinadarin da ke hana jini daskarewa, irin wanda ake sa wa a maganin ɓera. Mafarauta da masu sarrafa naman da masu kare muhalli suka yi ca, har aka je kotu, kamfanin ya janye a wancan lokacin, sai bayan shekaru aka sake yi masa rajista a jihar. Ana sa masa launi mai mayar da kitsen dabbar shuɗi don wanda ya feɗe ya gane, amma aladen yakan ɗauki kwanaki yana jinya kafin ya mutu, kuma ni a matsayina na likita wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin ko dabbar da za a kashe tana da haƙƙin kada a azabtar da ita. A Ostireliya suna amfani da wani mai suna Hoggone, na sinadarin sodium nitrite, wanda yake kashewa cikin sa'o'i kaɗan. Da aka gwada irinsa a Texas a 2018 ya kashe aladun, amma ƙananan tsuntsaye da suka tsinci ɓarɓashin da ya zube su ma sun mutu, dole aka koma gyaran haɗin da akwatin zuba shi. Abin da ya sami kajinka shi ne dai abin da ake tsoro.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake ganin gwamnati ba ta da damar zare hannunta, wato cututtuka. Aladun daji suna ɗauke da cutar burusela mai sa dabbobi ɓari, wadda take kama mutum idan ya feɗe su ba safar hannu, da wata cutar da ke kashe karnukan farauta cikin 'yan kwanaki. A 2006, lokacin da gurɓataccen alayyafo daga California ya kwantar da mutane kusan 200, uku suka rasu, masu bincike sun samu irin ƙwayar cutar a jikin aladun daji da shanun da ke yankin gonar. Babban abin fargabar kuwa shi ne zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓulla a Jamhuriyar Dominika da Haiti, ƙasashen da ba su da nisa da Amurka, a 2021. Jamus ta gamu da shi a aladun dajinta a 2020, Denmark kuma tun 2019 ta kafa shinge mai tsawon kilomita 70 a iyakarta da Jamus don tare su. Idan wannan cuta ta shiga cikin aladu miliyan 6 da ke yawo ba mai su, babu ƙungiyar mafarauta da za ta iya shawo kanta. Shi ya sa a 2014 majalisar Amurka ta ware dala miliyan 20 don fara shirin ƙasa na rage ɓarnarsu, dokar noma ta 2018 kuma ta ƙara miliyan 75 na gwajin kawar da su a wasu yankuna.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Bari in faɗa muku abin da na gani da idona a bara a wannan gonar, domin ya haɗa maganar Likita da ta Baba. Dattijon ya ɗauko wani mai sana'ar tarko. Mutumin bai kawo bindiga ba a ranar farko, buhunan masara da aka jiƙa ta yi tsami ya kawo, da kyamara da ya ɗaure a jikin bishiya. Kwana goma yana zuba masarar a wuri guda yana ƙirga garken ta wayarsa, har ya tabbatar su 17 ne, manyan mata uku da 'ya'yansu. Sannan ya kafa zagayayyen shingen ƙarfe, ya bar ƙofar a ɗage, ya ci gaba da ciyar da su. Ƙananan suka fara shiga, amma wata tsohuwar mace mai yagaggen kunne takan tsaya a bakin ƙofa tana shinshina, ta juya. Ya nuna mini ita a waya, ya ce muddin wannan tana waje ba zai saki ƙofar ba, domin idan ta ga an kama sauran, ita da duk abin da za ta haifa ba za su sake kusantar ƙarfe ba.

Saura ƙiris ta saba, sai wasu baƙi da suka zo farauta a filin maƙwabci suka saki karnuka cikin dare, suka bi garken har bakin shingen. Washegari kyamara ba ta ɗauki komai ba, haka jibi, haka mako guda. Aikin kwana ashirin ya tafi a banza. Shi maƙwabcin ba ya noma, hayar farauta yake bayarwa, yana da injinan da ke watsa masara a kan lokaci don aladu su zauna a filinsa. Da rana suna kwance a kurminsa, da dare su ratso ƙarƙashin waya su shigo gonar dattijon. Abin da yake asara ga wannan, shi ne jarin wancan, kuma duk su biyun doka tana bayansu.

Ɗan Maharba:
Wannan labarin ya taɓa ni, Baban Sadiq, kuma ba zan kare masu karnukan nan ba. A al'adar maharba, idan ka ga wani ya ɗana tarko ko ya yi kwanto, ba ka ratsa wurin, balle ka kora masa nama. Amma ku lura, shi mai tarkon da ya zauna kwana ashirin yana karantar halin tsohuwar macen nan, ai shi ne maharbi na gaskiya a cikin labarin. Ilimin da ya yi aiki da shi namu ne. Saboda haka idan gwamnati za ta karɓi aikin, to ta ɗauki irin waɗannan mutane ta biya su, kada ta mayar da su abokan gaba. Inda har yanzu ban sauka ba shi ne Texas. Wurin da aladu suka kai miliyoyi, ko an tara duk ma'aikatan hukuma ba za su isa ba, kuma duk aladen da wani ya harbe a gonar gyaɗa, ɗaya ne ya ragu a daren.

Ɗalibin Gandun Daji:
Yaya, abin da ka faɗa shi aka yi a tsibirin Santa Cruz da ke gaɓar California. Ƙwararrun maharba aka ɗauko haya daga New Zealand, aka raba tsibirin gida biyar da shinge, aka bi kowane yanki da jirgi da tarko da karnuka, har da dabarar sa wa alade guda na'ura a wuya a sake shi ya kai su maɓoyar 'yan uwansa. Tsakanin 2005 da 2006 suka kawar da aladu 5,036, kuma kwangilarsu ta kai ƙarshe ne da aladen ƙarshe, saboda haka ba su da wata riba a barin saura. Ƙaramin dilan tsibirin, wanda ya kusa ƙarewa, ya farfaɗo bayan haka. Sai dai tsibiri ne, teku ta tare ko'ina, babu maƙwabcin da zai sake turo wasu. A Texas kam ko masana ba sa maganar kawarwa gaba ɗaya, maganar rage ɓarna suke yi, yanki bayan yanki.

Maman Ilham:
Ni ma ban ce a hana manomin Texas kare gonarsa ba, Malam Ɗan Maharba. Abin da nake so a taɓa shi ne cinikin: sayar da damar harbi, ciyar da aladu da gangan, da ɗaukarsu da rai daga wuri zuwa wuri. A jihohin da suke 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai, a rufe farautar nishaɗi tun yanzu, hukuma ta kama su garke-garke, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jihar Colorado ta sanar a 2020 cewa ta gama da nata, bayan aikin shekaru kusan 15 tare da masu filaye. A inda suka yi katutu kuma, idan an kafa tarko a wani yanki, dole maƙwabta su tsagaita harbi da sakin karnuka har a gama, kuma wannan ba zai yiwu ba sai da hukumar da za ta haɗa kan masu filayen.

Baba Na Fadama:
Baban Sadiq, shin dattijon nan ya taɓa zama da maƙwabcin nasa, su biyu, ko da wani babba a tsakani? A wurinmu idan dabbar wani ta yi ɓarna, mai unguwa ne yake fara jin maganar kafin alƙali.

Baban Sadiq:
Sun zauna sau biyu, Baba, na biyun ma da jami'in gona na gundumarsu. Maƙwabcin ya yarda zai hana baƙinsa sakin karnuka na wata guda idan an sake kafa tarko, amma ya ƙi kashe injinan masarar, ya ce da kuɗin hayar yake biyan harajin filin. Jiya abokin nawa ya ce mini surukinsa ya sayi sabon iri zai sake shuka ranar Asabar, kuma mai tarkon ya dawo ya ɗaure kyamararsa a jikin bishiyar nan. Hoton farko da ta ɗauka da daddare, tsohuwar mai yagaggen kunne ce, da ƙananan 'ya'ya shida a bayanta.